Hannun Mai Gyada

Duk wanda ya taɓa jiran motar Madani a tashar Suk al-Shabi ta Khartum a waɗancan shekarun ya san Mero, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan da ke zama a gindin wani turken fitila da ba ya kamawa, da ƙaton farantin gyada a gabanta, da gwangwanin tumatir na awo, da tulin shafukan tsofaffin littattafan 'yan makaranta da take naɗe wa masu saye a ciki. Ba ta tallar baki. Cewa take yi ihu na wadda gyadarta ba ta da ƙamshi ne. Da sassafe take baro unguwarsu ta Umbadda, ta hau mota biyu ta ƙetare gada, kuma ba ta tashi daga gindin turken nan sai ta ga ƙasan farantinta.

Sana'ar gado ce. Uwarta, Iya, a sansanin leburorin auduga na Jazira ta raine ta, inda kakanninsu suka yada zango a kan hanyar Makka, zangon da har yau ba a tashi ba. A can Iya ta koya mata yadda ake jiƙa gyada a ruwan gishiri, a shanya ta, a zuba cikin yashi mai zafi a yi ta juyawa. Ta kuma ɗora mata doka guda: mai gyada ba ta cin gyadarta. Ranar da ƙwaya ɗaya ta tashi daga faranti ta shiga bakin mai shi, in ji Iya, ranar albarka za ta naɗe tabarmarta. Mero ba ta taɓa tambayar dalili ba, don Iya ba irin matar da ake tambaya dalili ba ce. Shekara talatin da 'yan kai tana suya, da kunne da hanci take gane ta soyu, kuma tana alfahari da hakan. Farfasassun da ba su shiga awo sai ta ƙulla a bakin zane ta kai wa jikokinta mata biyu. Ita kam tata ta haramta gare ta, ta wata kuwa girman kai ba zai bar ta ta saya ba, don haka gyada ba ta shiga bakinta ko kaɗan.

Shekarar alif ɗari tara da tamanin da biyar fari ya yi wa ƙasa mugun kamu. Dawa ta yi tsadar da sai dai a kalle ta a wuce. Ana cikin haka wata masara rawaya ta agaji ta fara yawo a unguwa. Maƙwabtansu Larabawa sun gwada yin kisra, siririyar gurasarsu, da ita ta ƙi, suka riƙa rabuwa da ita da araha suna tsaki. Mero kuwa abin nema ya samu. Masara ai abincin gidansu ce, ta ci tuwonta a hannun Iya tun ba ta da haƙoran kirki. Ta cika buhu biyu ta jingine a ƙuryar ɗaki, tana yi wa maƙwabtan dariya a zuci, wai ga abinci a ƙofarsu suna kukan yunwa.

Daga nan tuwon masara ya zama shi ne safe, shi ne dare, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda rabonta da nama har ta manta kamanninsa. Da rana a tasha shayi take sha, baƙi, ta ce ya isa. 'Yarta Ni'mat, wadda mijinta ya tafi neman aiki Jidda ya bar ta da yaran a wurin uwarta, tana aikin wanki da shara a wani gida a Khartum, a can take cin abincin rana. 'Yar madarar da ake samu ta yara ce, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Mero ba ta ga ta yi wani abin a yaba ba. Cikinta a cike yake kullum, kuma a shekarar nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wata na biyar da fara cin masarar sai bayan hannuwanta suka yi duhu, duka biyun daidai wa daida, daga yatsu zuwa inda bakin tob ɗinta, babban mayafin da take lulluɓa da shi, yake tsayawa. Ta ce zafin yashi ne, ta shafa man riɗi. Fatar ta bushe, ta yi kaushi, ta fara tsattsagewa tana saɓa. Sai wani baƙin zobe ya kewaye mata wuya kamar an rataya mata sarƙa, saman ƙafafunta ma inda silifa bai rufe ba ya kama. Harshenta ya yi ja, shayi ma zafi yake mata. Cikinta ya fara gudu, abin da ya fi komai tayar mata da hankali, don mai zama a tasha ba ta da inda za ta riƙa zuwa. Wata Juma'a kuma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya: ta zuba gyada a kasko, ta tsaya tana kallon bango, har ƙauri ya fito da maƙwabta.

"Yumma, alek Allah, na haɗa ki da Allah, mu je asibiti," in ji Ni'mat, tana kwashe ƙonanniyar gyadar. "Jiya kin kira ni da sunan Goggo Rahmatu. Yau kuma ga wannan."

"Asibiti na marasa lafiya ne. Ni gajiya ce."

"Gajiya ce ke cin hannu?"

"Ke ce likitan yanzu? Miƙo mini tsintsiya ki ba ni wuri."

Faɗa ma ya ƙaru mata. Dama can Mero ba ruwan sanyi ba ce, amma yanzu ko kaza ta gifta sai ta ji magana.

A tasha mutane ba su ce komai ba, ido kawai suka sa. Mutum zai tsaya, ya miƙo hannu, sai ya ga wancan hannun ya nutsa cikin gyada ya cika gwangwani, sai ya tuna akwai abin da ya manta a mota. Ba wanda ya furta kuturta a gabanta, amma ta ji kalmar tana wucewa ta bayanta. Ta zo da ludayi ta riƙa awo da shi, ta lulluɓe hannu da bakin tob. Wannan sai ya ƙara jawo ido, don kowa ya san Mero da hannu take ɗiba. Masu sayenta suka fara gangarawa wurin Sittana, wata 'yar unguwar Alhilla Kuku da ke zama taku goma sha biyu daga nan, wajen motocin Kosti. Su biyun Hausa ɗaya suke ji, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye, don Mero ta sha faɗa a bainar jama'a cewa gyadar Sittana wuta ba ta ratsa ta.

Ran nan da hantsi ma'aikacin lafiyar kasuwa ya zo zagaye. Ba mugun mutum ba ne, ya ma sha tsayawa su gaisa. Ya durƙusa a gabanta ya yi ƙasa da murya.

"Hajja, nuna mini hannunki."

Ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, Hajja. An kawo mini magana, kuma ga shi na gani da idona. Ba ni katinki na lafiya. Ki je ki kawo takardar likita cewa abin nan ba ya yaɗuwa, sai in mayar miki. Mako biyu zan iya riƙe miki wurin nan. Bayan haka ba a hannuna yake ba."

Ba sai ya yi mata bayani ba. Fari ya koro mata da yawa daga yamma, kowace safiya suna tsaye a bakin tasha da farantansu a ka suna neman inda za su tsuguna. Gindin turken nan shi ne tuwonsu, shi ne makarantar yara, shi ne abin da ya hana ta miƙa wa kowa hannu tun rasuwar mijinta. Ta ɗauki farantinta a cike ta bi ta gaban direbobin da suka san ta shekara da shekaru, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma a cikin motar Omdurman ta yi kuka a ɓoye cikin tob.

Kwana uku ta yi tana taurin kai, ta shafa wannan ta sha wancan. Ran na huɗu da kanta ta ce wa Ni'mat ta nemi izini a wurin aiki.

Likitan da suka samu a wani ƙaramin asibiti a Omdurman dattijo ne mai furfura, wanda ya yi aiki a Jazira yana saurayi har ya tsinci 'yar Hausa da yake jefawa cikin Larabcinsa. Ya kama hannuwanta biyu da nasa hannun, ba safar hannu ba komai, ya juya su. Rabon da wani ya taɓa hannun nan an yi wata biyu, har sai da ta so janyewa.

"Buɗe wuyan in gani."

Ta ƙara jan tob ɗin ta rufe wuyan.

"Hajja, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ba haka kuke cewa ba?"

Ta sassauta tob ɗin. Ya duba wuya, ya duba harshe, ya duba ƙafa, ya tambayi ciki. Sannan ya koma ya zauna.

"Me kika ci jiya?"

"Tuwon masara."

"Shekaranjiya fa?"

"Shi."

"Watan jiya?"

"Hakim, in kana da tambaya ka yi. Shi ne dai."

"Nama? Madara? Wake? Kifi?"

Ni'mat ce ta amsa, da Larabci, cewa yara take ba wa madarar, sauran kuwa sai dai labari.

"To ki saurara, Hajja. Ba kuturta ba ce, kuma ba wanda zai ɗauka a wurinki ko da a ƙwarya ɗaya kuke ci. Mu muna ce mata felagra. In kika cika murhu da itace amma ba ashana, me kike da shi?"

"Itace."

"To tuwonki itace ne. A cikin abinci akwai wasu 'yan abubuwa da ido ba ya gani, sunansu bitamin. Ba sa cika ciki, amma in babu su, abin da ya cika cikin ba ya zama ƙarfi. Kowanne da aikinsa. Akwai wanda in ya yi ƙaranci mutum ya daina gani da magariba, dundumi ke nan. Akwai wanda in babu shi dasashi ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi. Naki da ya ƙare shi ne mai kula da fata da hanji da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa fatarki ta kasa jure rana, duk inda tob bai rufe ba ya ƙone. Shi ya sa cikinki ke gudu, shi ya sa kike mantuwa. In aka bar shi, gaba ya fi nan muni."

"Uwata ta ci masara har ta koma ga Allah, ba abin da ya sami hannunta."

"Masara tana da shi, amma a kulle yake, jiki ba ya iya cirowa. Da me uwar taki take cin tuwon?"

Mero ta tuna nonon da makiyaya ke kawowa bakin sansani, da waken da Iya ke shukawa a gefen gona, da ƙananan kifayen da maza ke kamowa a hanyar ruwa. Tuwon ta ɗauko daga gidan uwarta, ta baro abokan tafiyarsa a can.

"Yaran da kuke ci tukunya ɗaya fa, lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau. Ƙiba ma suke yi."

"Bayan tuwo da madara me suke ci?"

"Ba komai. Sai 'yar farfasasshiyar gyada da nake kai musu."

"Gyada? A ina kike samu?"

"Ita nake sayarwa."

Likitan ya ajiye alƙalaminsa ya yi ta dariya har da tari. Ran Mero ya ɓaci, ta fara gyara tob za ta tashi.

"Yi haƙuri, Hajja, ba ke nake wa ba. Abin da jikinki ke nema, gyada cike take da shi. Nama da hanta da kifi suna da shi, amma a bana wa zan ce wa ya ci hanta? Ke kuwa a kansa kike zaune tun safe har yamma."

Ni'mat ta sunkuya ta yi masa bayanin dokar Iya da sauri cikin Larabci, tana satar kallon uwarta. Likitan ya daina dariya. Mutum ne da ya daɗe da sanin cewa ba a kayar da uwar wani a asibiti.

"Ni ban ce ki ci taki ba," ya ce. "Na ce ki ci gyada. Tafi ɗaya da hantsi, tafi ɗaya da yamma, kullum, har ranar da dawa da nama za su dawo gidanki. Ga ƙwayoyi kuma na kwana goma. Ki rufe hannun daga rana."

Ya rubuta mata takarda, ya buga hatimi.

Abin ya ba ta mamaki yadda jiki ke da saurin yafiya. Kwana uku cikinta ya tsaya. Kwana biyar ta ji kanta ya washe, ta daina tsayawa a tsakar gida tana tambayar kanta me ta fito yi. Ni'mat na sayo mata gyada a wani shago a Umbadda, ta ci tana ɓata fuska. Baƙar fatar ta riƙa saɓewa, sabuwa mai haske na fitowa a ƙasa, hannun ya zama dabbare-dabbare. Ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika ta kai takarda. Ma'aikacin ya karanta, ya yi mata barka, ya mayar mata da katinta. Ta dawo gida ta jiƙa gyada ta soya da kunnenta biyu a buɗe, washegari ta zauna a gindin turkenta.

Ta manta abu ɗaya, takarda a aljihun ma'aikaci ta tsaya, ba ta zagaya tasha ba. Mutane suka zo suka yi mata sannu da jiki, har da masu addu'a, amma daga nesa. Mutum biyu ne suka saya har hantsi, su ma baƙi ne da ba su san komai ba.

Hantsi ya yi, lokacin tafin gyadarta. Ƙwayoyin likita sun ƙare, kuma ta ga abin da ta gani, ba ta da niyyar komawa. Ta dubi farantinta, ta kau da kai. Ta tashi ta yi taku goma sha biyun nan da ba ta taɓa yi ba.

"Lafiya, Mero?" in ji Sittana, tana ɗago kai.

"Auna mini gwangwani ɗaya."

Sittana ta dube ta ta ga ko ba'a ce. Ta ga ba alamar wasa.

"Gyadata? Wadda wuta ba ta ratsa ba?"

"Magani ne, ba daɗi nake nema ba. Auna."

Sittana ta auna ta yi mata gyara mai yawa, ta ce ta bar kuɗin, Mero ta ce ba sadaka ta zo karɓa ba. Ta dawo ta zauna a bayan farantinta mai tudu, tana ci ɗaya bayan ɗaya. Sittana a jarida take naɗe tata, Mero a shafin littafi, duk tasha an san wannan. Don haka duk wanda ya ɗaga ido ya ga mai gyada da cikakken faranti a gabanta tana cin gyadar maƙwabciya daga cikin jarida. Da yamma ta sake yin haka. Washegari ma haka.

A ganin Mero ta yi dabara, ta bi likita ba ta saɓa wa Iya ba. Ba ta san garin gyaran gira tana shirin rasa ido ba. Kwana uku a jere ta koma Umbadda da faranti kusan yadda ta fito da shi. Baƙin ma da ke tsayawa, sai ka ga wani yaron mota ya matso ya raɗa musu wani abu sun wuce. Gyada ta fara sanyi, ƙamshinta ya fara tafiya. Kati na nan a ƙulle a zanenta, amma wurin da ba a ciniki ba sai ma'aikaci ya ƙwace shi ba, da ƙafarta za ta bar shi.

Rana ta huɗu Zailani ya zo. Direban motar Madani ne, ɗan Jazira kamarta, ya yi shekaru ba ya tayar da mota sai da ƙunshinta a aljihu, kuma shi ma tun da hannun ya ɓaci ya koyi bi ta ɗaya gefen. Ya tsuguna yana wasa da makullin mota.

"Hajja Mero, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki alhamdu lillahi. Ashe kana gari."

Ya haɗiye wannan, don ya san ya cancanta.

"Hajja, zan faɗi magana, ki yi mini afuwa. Ni na yarda da takardar hakim. Amma kin san abin da ake cewa a tasha?"

"Ka faɗa, tunda aike aka yi ka."

"Wallahi ba wanda ya aiko ni. Cewa ake yi, ita kanta mai gyadar ba ta cin tata. Wai tun da can ba a taɓa ganin kin kai ta baki ba, yanzu kuma ga shi kina tsallake farantinki ki je ki sayo ta Sittana. To in ke kina tsoronta, wa zai ci? Abin da ke hana mutane ke nan, ba hannun ba. Hannun kowa ya ga yana warkewa."

Abin da Mero ta yi shekara talatin tana taƙama da shi, yau shi ne shaidar da aka kafa a kanta.

"Al'ada ce," ta ce. "Uwata ce ta hana."

"Na sani, Hajja, tawa uwar ma ta san Iya. Amma fasinjan Sinnar da Gadarif bai san ta ba."

Ya tashi ya koma wajen motarsa, wadda ta kusa cika. Mero ta zauna da farantin a gabanta. Tsoro take ji, na gaske, irin na yarinyar da za ta taɓa abin da aka ce kada ta taɓa. Iya ta yi shekara goma sha huɗu a ƙasa, amma Mero na jin muryarta sarai. Ta ce a ranta, to Iya, ga albarkar nan na tsare miki, kwana huɗu ke nan ina ɗaukarta a ka ina kaiwa Umbadda ina dawowa da ita. Ta yi wa uwarta addu'a, ta nemi gafararta kamar tana gabanta.

Ta jira sai da aka fara kiran fasinjan Madani, mutane suka taru a bakin mota. Sannan ta janye bakin tob daga hannun dama, ta nutsa shi cikin faranti har wuyan hannu yadda take yi a da, ta ɗebo tafi guda. Ta murje, ta hure ɓawon, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda na kusa za su ji, ta watsa a baki.

Ta tauna sau biyu ta tsaya. Fuskarta ta canza. Zailani da ke kallo daga ƙofar mota ya diro da sauri.

"Hajja, lafiya?"

Ta ci gaba da taunawa a hankali, ta haɗiye. Ta sake ɗiba ta ci, kowa na gani.

Zailani ya miƙa tafin hannunsa. Ta kai hannu ga takardar naɗi, ya ce, "A'a, zuba nan." Ta zuba masa daga hannunta zuwa nasa, ya watsa a baki a tsaye, ya ce a ƙulla masa uku na hanya. Mai yankan tikiti ya matso ya ce ɗaya. Wata mata mai goyo da ba ta san abin da ake ciki ba ta ga ana saye ta leƙo ta taga ta ce biyu. Ba cincirindo aka yi ba, amma gwangwanin ya shiga ya fita sau tara kafin motar ta tashi.

Zailani ya juya zai hau mota, ta kira shi.

"Zo nan. Tsakaninka da Allah, haka take kullum?"

"Kamar yaya, Hajja?"

"Gishirin."

Ya sosa ƙeya, ya dubi mai tikiti, mai tikiti ya dubi sama.

"Kullum, Hajja."

"Shekara nawa kana ci ba ka taɓa faɗa ba?"

"Wa ya isa ya faɗa miki? Mun saba ne. Muna saye mu nemi ruwa."

Ya hau ya ja motarsa. Mero ta zauna harshenta na raɗaɗi. Tafi uku na gishiri a kwano ɗaya na ruwa, haka Iya ta auna mata, haka aka auna wa Iya, kuma ba ta taɓa rage ko ƙwaya ba. Sai yanzu ta gane cewa Iya ma ba ta sani ba. Matar ta tsuguna a gaban kasko har bayanta ya lanƙwashe, ta ciyar da 'ya'ya shida da gyadar nan, ta mutu ba ta san yadda take a baki ba. Tausayin uwarta ya kama ta, hawaye ya zubo, ta bar shi ya zuba.

Wani dattijo da jaka a kafaɗa ya tsaya ya ce a ba shi ɗaya. Ta goge ido da bayan hannu, ta cika gwangwani ta naɗe masa.

"Ka nemi ruwa kafin ka hau, Baba," ta ce. "Ta yau da gishiri. Ta gobe za ta fi."